Yadda Za Ka Tsara Kwamin Kifi Na Kankare Da Wayarka Kafin Ka Sayi Buhun Siminti Ko Ɗaya

 Mun saba magana a kan wayoyi, manhajoji da data, amma yau za mu ɗauki wayar mu fita da ita lambu.

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya sha ganin bidiyon kiwon kifi: matashi a gefen kwami yana watsa abinci, tarwada na ta tsalle, a ƙasa an rubuta ribar da ya samu. Abin da ba a ɗauka a bidiyo shi ne bangon da ya tsage ranar da aka fara cika ruwa, ko rijiyar da ta ja baya a watan Afrilu alhali akwai kifi dubu a kwami. Manhaja in ta ba ka matsala sai ka goge ka sake saukewa. Kankare kuwa in an zuba, an zuba. Shi ya sa ya kamata duk lissafin ya ƙare a cikin waya kafin birkila ya zo.

Zan yi misali da yankinmu na kudancin Jigawa, wato Unguwar 'Ya da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram. Wanda ke wani wuri sai ya canza alƙaluman su dace da nasa.

Me ya sa kankare, me ya sa tarwada?

Kiwon kifi ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato, kuma akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja. Yau Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwada, duk da haka kifin da muke samarwa bai isa ba, ana ta shigo da na ƙanƙara daga waje.

Hanyoyin ajiye kifi huɗu ne aka fi sani: ramin ƙasa, tamfol, tankin roba, da kankare. Ramin ƙasa ya fi araha, amma yana buƙatar ƙasa mai laka wadda ke riƙe ruwa. Sunan jiharmu ma ya gaya maka irin ƙasar da ta fi yawa: jigawa, mai yashi, mai shanye ruwa. Inda ake samun laka kuma fadama ce, ita kuwa fadama ambaliya na iya shafe ta, kamar yadda aka gani a sassa da dama na jihar a 2022. Ruwa in ya haura bakin rami, kifinka ya zama na kowa. Tamfol da roba suna da sauƙin farawa, sai dai ranarmu tana cin su. Kankare ya fi tsada a farko, amma in an yi shi da kyau zai yi shekaru masu yawa.

Tarwada kuma an fi zaɓenta ne saboda tana da wata gaɓa kusa da matsatsinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Don haka tana jure cunkoso da ƙarancin iska a ruwa fiye da ƙarfasa.

Mataki na farko: gwada ruwanka

Wannan ne ya fi komai, kuma shi aka fi tsallakewa. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a kan dutse take zaune. Duwatsun da muke gani, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu tsofaffin zane-zane, irinsu ne a ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan wuri ruwa yana taruwa ne a tsagogin dutse da inda dutsen ya ruɓe. Shi ya sa za ka ga burtsatsen wani gida na ambaliya, na maƙwabcinsa kuma da ƙyar yake cika tanki.

Ga gwajin: ɗauki jarka mai lita 25, kunna famfo, ka danna agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka. In ta cika a daƙiƙa 30, kana samun lita 3,000 a awa. In sai da ta yi minti ɗaya, lita 1,500 ke nan. Kada ka tsaya nan. Bar injin ya yi awa biyu yana aiki, ka sake gwadawa. In lokacin ya ninka, rijiyar ba ta mayar da ruwa da sauri.

Kuma ka yi gwajin a watan Maris ko Afrilu. Gwajin watan Agusta yaudara ce, a lokacin kowace rijiya jaruma ce.

Nawa kake buƙata? Kwamin da za mu yi misali da shi yana cin lita 24,000. Idan kifi ya girma, za ka riƙa canza kusan rabin ruwan duk bayan kwana biyu, wato kimanin lita 6,000 a kullum. In rijiyarka ba za ta ba da wannan ba bayan na sha da girki da wanka, ka rage girman kwamin tun a waya.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

Buɗe Google Maps, koma hoton tauraron ɗan'adam, ka danna ka riƙe a kusurwar filinka, sannan ka zaɓi auna tazara. Wannan zai ba ka kimanin tsawo da faɗi, da nisan wurin daga rijiya. Kimantawa ce kawai, dole daga baya ka bi da tef.

Abubuwa huɗu za ka duba:

1. Ina ruwan datti zai tafi? Lita 6,000 na ruwa mai ƙarni a kullum ba abin sakewa a lungu ba ne. Zai haɗa ka faɗa da maƙwabta, ya tara sauro, wataƙila har maganar ta kai gaban mai unguwa. Amma a lambu taki ne. Ka tsara kwamin ya fi lambun tudu, ruwan ya gangara kan alayyahu, yakuwa, tumatir, zogale ko ayaba.

2. Bishiyoyi. Inuwa tana da amfani, amma saiwar darbejiya ko mangwaro na iya ɗaga daɓe ta tsaga shi, ganye kuma ya ruɓe a ruwa. Ka ba su tazara.

3. Nisa daga shadda da bangon ɗaki. In kwami ya fara yoyo kusa da ginin ƙasa, asarar ta wuce ta kifi.

4. Yara. Ruwa mai zurfin mita ɗaya ya isa ya halaka ƙaramin yaro cikin mintuna kaɗan, ba tare da an ji ihu ba. Katanga ko waya da ƙofa mai kwaɗo suna cikin kuɗin gini, kada ka bar su sai an samu hali.

Mataki na uku: girma da lissafin nauyi

Maimakon ƙaton kwami guda, ka raba shi ɗaki biyu, kowanne mita 3 da mita 4 daga ciki. Dalili shi ne tarwada na cin junanta. A cikin zubi ɗaya wasu kan yi saurin girma su riƙa haɗiye ƙanana, don haka dole ka riƙa tacewa kana ware manya. Sannan in cuta ta shiga ɗaki ɗaya, ɗayan na iya tsira.

Tsayin bango mita 1.2, zurfin ruwa mita 1. Ragowar santimita 20 ɗin don tarwada na tsalle, musamman in ana ruwan sama.

Buɗe kalkuleta: 3 × 4 × 1 = 12. Kowace mita ɗaya ta tsawo, faɗi da zurfi tana ɗaukar lita 1,000. Kowane ɗaki lita 12,000 ke nan, biyun 24,000. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka daɓenka zai ɗauki tan 24.

Bangon fa? Ruwa mai zurfin mita 1 yana tura kowace mita ta bango da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 500. Bango mai tsawon mita 4 yana tare tan 2, dare da rana. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: in ka ƙara zurfin zuwa mita 1.5, turin ba rabi yake ƙaruwa ba, yana komawa kilo 1,125 a kowace mita, fiye da ninki biyu. Don haka in kana son ƙarin ruwa, ka ƙara faɗi, kada ka ƙara zurfi. Bangon tsakiya ma ya zama mai ƙarfi kamar na waje, domin ranar da ka zubar da ruwan ɗaki ɗaya, shi kaɗai zai tare na ɗayan.

Mataki na huɗu: kayan aiki

Buɗe Google Sheets a wayarka, ka yi layuka huɗu: kaya, adadi, farashi, jimla. Farashi na canzawa kusan kowane mako, ka cike shi ranar da ka je kasuwa. Adadin kuwa ga kimantawa:

Daɓe: mita 7 da mita 4.8, kauri santimita 15. Kankare kusan mita 5 ke nan a ma'aunin cika. A haɗin 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, zai ci buhu 30 zuwa 32.

Bango: jimlar tsawonsa kusan mita 25. Sahu huɗu na bulo mai inci 9, sannan linta a sama. Bulo 250 zuwa 260.

Siminti gaba ɗaya: in ka haɗa ɗora bulo, cika ramukansa, ginshiƙai, linta da filasta, ka yi tanadin buhu 70 zuwa 80.

Sauran: rodi mai milimita 12, wayar ɗauri, bututun roba mai inci 3 ko 4 na fitar da ruwa, ƙaramin bututu na shigar da ruwa, garin hana yoyo da ake haɗawa da filasta, katakon zuba kankare, da raga.

Ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan jimlar saboda abin da ba a zata ba. Sannan ka zauna da birkilan da ya taɓa gina kwami ko tankin ruwa, ku bi lissafin tare. Ka nemi ya kai ka ka ga wanda ya gina, da ruwa a ciki. Ginin ɗaki daban, ginin da zai riƙe ruwa daban.

Mataki na biyar: ginin kansa

A share ƙasar sama mai laushi har a kai ga mai tauri, a zuba marmara a daddaɓe sosai. Daɓen da aka zuba a kan ƙasar da ba ta zauna ba shi ne ke tsagewa a damina ta farko.

A shimfiɗa bututun fitar da ruwa kafin a zuba kankare. Fasa daɓe daga baya don a saka bututu shi ne mafarin yoyon da ba ya jin magani.

A saƙa rodi kamar raga, a ɗaga shi a kan ƙananan duwatsu don ya zauna a tsakiyar kankaren. A bar rodin ginshiƙai a tsaye a kowace kusurwa da tsakiyar kowane bango, a ɗaure shi da na daɓe.

Daɓen ya gangara zuwa bakin bututu, kimanin santimita 2 a kowace mita. Akwai manhajojin duba daidaiton wuri a waya, suna da amfani a kan bulo ɗaya, amma a tsawon mita bakwai ba abin dogaro ba ne. Farin tiyo mai ruwa a ciki, wanda magina suka saba da shi, ya fi su gaskiya.

A zuba daɓen a rana ɗaya, kada a bar rabi sai gobe. Kuma kada leburori su cika wa kwaɓin ruwa don ya yi sauƙin juyawa. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana barin ƙananan ƙofofi in ya bushe.

A ɗora bulo, a cika ramukansa da kankare sahu-sahu, a zuba ginshiƙai, a zagaye sama da linta mai rodi. Linta ita ce ɗamarar da ke hana bango buɗewa.

A yi filasta da siminti ɗaya yashi uku, da garin hana yoyo. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da daɓe a lanƙwasa su su yi sumul. Tarwada ba ta da ɓawo a jiki, bango mai kaushi yana ji mata ciwo, ciwon kuma ƙofar cuta ne.

A waje, bututun fitar da ruwa ya samu gwiwa da wani bututu a tsaye mai tsayin mita 1. In yana tsaye, ruwa ba ya fita sai wanda ya haura. In ka kwantar da shi, kwami ya zube, kuma dattin ƙasa ne ke fara fita. Babu inji, babu wuta.

A ƙarshe, ban ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake yi da ruwa, kuma yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa shi da shi. A zafinmu, in ba a jiƙa shi ba, ya ƙone. A rufe da buhuna ko ciyawa a riƙa jiƙawa safe da yamma, aƙalla kwana bakwai. Ka sa ƙararrawa a waya.

Mataki na shida: kashe kaifin siminti

Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa a cikin ruwa. A ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14, ruwan sabon kwami na iya haura 10, tarwada kuma tana son tsakanin 6.5 da 8.5. Wanda ya zuba 'ya'yan kifi a irin wannan ruwa zai wayi gari ya gan su a sama.

Ka cika kwamin a hankali, kashi ɗaya cikin uku a rana, kana duba bango. In ya cika, yi alama a bakin ruwa, ka ɗauki hoto, gobe ka sake ɗauka. Rana da iska suna ɗauke ɗan ruwa, amma in ya sauka da santimita da yawa a dare ɗaya, akwai yoyo. Bar ruwan ya yi mako guda, a zubar, a goge bango da burushi, a sake cikawa. Masu kiwo da dama suna jefa busasshen ganyen ayaba ko kashin kaji a buhu don a gaggauta. Ko me ka yi, kada ka dogara da ido. Takardar gwajin pH ko ɗan alƙalamin awo ba su kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba. Sai ka ga awon ya tsaya ƙasa da 8.5 kwana biyu a jere, sannan ka gwada da kifi goma su yi kwana biyu.

Mataki na bakwai: kuɗin da ya fi na gini

Ga inda jari ke karyewa. Mutum ya zuba duk abin da yake da shi a siminti, a wata na uku kuɗin abinci ya ƙare, ya sayar da kifi yana ƙanana a kan asara.

Ga mai farawa, kifi 40 a kowace lita 1,000 ya isa, wato kusan 1,000 a kwaminmu. Da abinci mai kyau, tarwada na cin kilo 1 zuwa 1.3 kafin ta ƙara kilo ɗaya. Kifi 1,000 zuwa kilo ɗai-ɗai zai ci kilo 1,000 zuwa 1,300. A buhu mai kilo 15, buhu 67 zuwa 87 ke nan, cikin wata huɗu zuwa shida. Tambayi farashin buhun Blue Crown, Vital, Skretting ko Coppens a yau, ka ninka da 80, ka kalli lambar da kyau. In ba ka da ita, ka zuba kifi 300 a ɗaki ɗaya ka koyi aikin. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Wajen sayen 'ya'yan kifi, waɗanda suka ɗan tasa sun fi 'yan mitsi-mitsi jure tafiya. Kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook kawai. Je ka ga wurin ƙyanƙyasar da idonka, ka zaɓi masu kai ɗaya, ka ɗauko su da sassafe ko da yamma.

Na'urorin da suka cancanci kuɗinka

Tarwada ta fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan kwami yana yin sanyi da dare, kifi ya rage ci, abincin da ka watsa ya nutse ya ɓata ruwa. A lokacin sai ka rufe kwamin da leda da dare, ka bar kafar iska, ka ba da abinci in rana ta ɗaga. A bazara kuma ka yi rumfar zana a kan rabinsa. Ƙaramin ma'aunin zafi mai waya da ake tsomawa a ruwa shi ne na'ura ta farko da za ka saya.

Ta biyu, famfo mai aiki da sola, wanda ke tura ruwa zuwa tanki a sama da rana. Tankin shi ne batirinka. Ka haɗa da makunni mai iyo wanda ke kashe injin in tanki ya cika. Duk wayar wuta ta yi nesa da ruwa, kuma mai aikin lantarki ne zai haɗa ta.

Ga masu son harhaɗa na'ura: allon ESP32 da ma'aunin zafi DS18B20 mai jure ruwa za su riƙa auna ɗumin ruwa duk bayan minti goma. In ka ƙara SIM800L, zai turo maka saƙon tes in sanyi ya yi yawa. A ƙauyukan da data ke wahala, saƙon tes ya fi intanet tabbas. Amma ka sani, na'ura ba za ta gaya maka kifi ya daina cin abinci ko ruwa ya fara wari ba. Wannan sai ido da hanci, safe da yamma.

Mafi amfani duka shi ne shafin Google Sheets: kwanan wata, kilon abincin da ka bayar, adadin da suka mutu, ranar canza ruwa, kuɗin da ka kashe. Duk mako biyu ka auna kifi ashirin ka rubuta. Raba kilon abinci da kilon da kifi ya ƙara. In sakamakon ya haura 1.5, akwai matsala a abinci, ko ruwa, ko wani na ɗiba.

Kasuwa kafin kifi

Tun kafin ka zuba kifi, ka san wanda zai saya. Yi magana da masu suyar kifi da gidajen abinci a Birnin Kudu, Gwaram da Dutse, da 'yan kasuwar Sara. In kayan da yawa, akwai dillalan kasuwar kifi ta Galadima a Kano. Ka tambaye su girman da suke so, domin mai banda ya fi son matsakaici, mai farfesu kuma babba. Ka koyi yin banda da kanka, saboda ɗanyen kifi in dillali ya san dole ka sayar yau, shi ke yanka farashi. Sannan ka sa hotuna a WhatsApp tun saura mako biyu, a fara yi maka oda.

Aikin wannan makon bai buƙatar ko sisi: jarka, agogon waya, da sabon shafi a Google Sheets. In ruwan ya isa, kuɗin gini da na abinci sun fito, sai ka kira birkila. In ba su fito ba, ka rage kwamin a shafin har su fito.

Allah ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.